Ludayin Gwauruwar Hayin Rafi

Akwai wani mai unguwa da yake ƙaunar mutanensa, amma ya fi ƙaunar a yabi unguwarsa. Wata rana aka aiko ma'aikaciyar lafiya ta binciki yaran wurin. In ta sami ciwo, za a kawo magani. In ba ta samu ba, motar magani za ta wuce wani gari.

Mai unguwa ya ce a ransa, "Ba a shimfiɗa wa baƙo tsumma." Sai ya zaɓo yara masu kumatu, aka yi musu wanka, aka jera su a gindin tsamiya.

Matar ta rusuna ta ce, "Baba, waɗannan idonka ne ya zaɓo su. Ina roƙo, kowane gida ya kawo ludayi ɗaya."

"'Yata, aiki kika zo yi ko shan kunu?"

"Aiki, Baba. Amma a ajiye mini kunun."

Aka tara ludayan a buhu. Ta kau da kai tana zarowa, domin gidan da nasa ya fito, nan za ta shiga. Kowace mace kuwa ta san nata. Sai ga wani tsohon ludayi mai ɗinki. 

Mai unguwa ya ce, "Na Rifkatu ne, gwauruwar hayin rafi. Hanyar duk laka. Mayar, ki zaro wani."

Ta ce, "Baba, in na mayar da shi, na mayar da dukan gidajen da suke kama da nata."

Ta tattare zanenta ta haye rafin, shi kuma yana biye, kunya ta rufe shi. Suka tarar da ɗan Rifkatu a kwance yana fitsarin jini, yaran maƙwabta ma haka. Da bakinsa mai unguwa ya ce, "Faɗa wa waɗanda suka aiko ki gaskiya, 'yata." Motar kuwa ta tsaya a unguwar.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Yaran gindin tsamiya su ne halayenmu da muke wankewa mu kawo sujada. Hayin rafi shi ne abin da muke ɓoyewa. Albarka ta tabbata ga mai binciken da ba ya nuna bambanci, gama haka Ubangiji yake binciken zuciya, domin ya warkar. In hannunsa ya zaro tsohon ludayinka, kada ka ce masa ya mayar.