Ɓeran Masar da Injin Niƙa

Akwai wani mutum mai kiwon ɓerayen Masar, ƙananan dabbobin nan masu gashi da ke cin ciyawa. Da hannunsa ya buɗe, sai ya sayi injin niƙa, ya kafa shi jikin bangon ɗakin ɓerayen. Daga safe har yamma injin yana ruri, ƙasa tana rawa. A lokacin kuwa wata macen ɓeran tana da ciki.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka ɗauke ta daga nan. Dubi yadda take makyarkyata."

Ya ce, "Za ta saba. Na cikin kuwa, me suka sani? Ko kunne ba su da shi."

Ashe kunne ba fatar waje ba ce kaɗai. Can ciki akwai wani ɗan lungu a murɗe kamar dodon koɗi, tun ɗa yana ciki ake saƙa shi, ya kuma fi yanar gizo rauni.

Uwar ta haihu. 'Ya'yan suka fito da gashinsu, idanu a buɗe, suna guje-guje. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Kin gani? Lafiyarsu ƙalau."

Wata rana mai ya ƙare a injin, gida ya yi tsit. Ya sako dabbobin tsakar gida su ci ciyawa. Sai inuwa ta gilma. Shaho! Uwar ta tsala kuka, manya duka suka ruga ƙarƙashin rumbu. Ƙananan kuwa suna ta tauna abinsu. Mutumin ya yi ihu, ya buga kwano, ya sheƙo da gudu. Ko motsi ba su yi ba. Shaho ya sure ɗaya a kan idonsa.

Ya durƙusa, ya ɗauki wani, ya tafa masa dab da kunne. Shiru. Da ya ɗaga kai, sai ya ga matarsa tsaye da tsohon ciki, kusa da kujerar da take wuni a kai a gindin injin tana karɓar hatsin mutane.

"Uwargida," ya ce, "tun yaushe kike zama a nan?"

Sai ta ɗora hannu a kan cikinta.

A ranar ya kira maza suka cire injin, suka kai bayan gari. Daga nan abinci ya daina yi masa daɗi. Da matarsa ta sauka, ya tsaya a bayan jaririn, hannuwansa sun ƙi haɗuwa don tsoro. Da ƙyar ya tafa. Jaririn ya zabura, ya fashe da kuka. Mutumin ya zube ƙasa yana kuka tare da shi.

Ma'anar wannan misali ita ce: kunnen zuciya a ɓoye Ubangiji yake gina shi, tun kafin kowa ya ga alama. Injin shi ne hayaniyar gidajenmu, wato zagi, faɗa, da neman abin duniya ba hutawa. Muna cewa, "Yaro ne, bai san kome ba," alhali a lokacin ne ake kurmantar da shi. Zai girma da kyan gani, ya zauna tare da mu a sujada, amma ran da aka kira shi ya guje wa hallaka, ba zai ji ba.

Mutumin nan ya sami jinƙai domin ya tsorata da wuri. Kai fa, ɗan'uwa, me ke ruri a gidanka yau? Ka kashe shi tun ɗanka yana iya juyowa in ka kira sunansa.