Sulken Ƙwaurin Sarki Marwanu

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan tekun yashi, an yi wani ƙasaitaccen birni mai ƙofofi tara da ake kira Hajaru, wanda wani gawurtaccen sarki mai suna Marwanu yake mulka. Shekara ashirin da ɗaya Sarki Marwanu yana fita yaƙi bai taɓa komowa da kunya ba, kuma kowa ya san sirrin nasararsa: wani sulken ƙafa ne fari tas mai ƙyalli, wanda ya rufe masa ƙwauri daga idon sawu zuwa gwiwa. Kibiya ba ta huda shi, takobi ba ya ko ƙwarzanarsa, sarki kuma yana iya wuni yana fafatawa a ƙasa bai san gajiya ba. An ce wani boka ne ya kawo masa shi kyauta kafin bokan ya mutu.

Abin da jama'a ba su sani ba shi ne, tun ranar da sarki ya ɗaura sulken nan bai sake fita daga jikinsa ba. Maimakon haka sai ya shiga hawa, kowace shekara ya ƙara faɗin yatsa guda, ya haɗiye gwiwa, ya haɗiye cinya, har ya kai ƙugu ya fara matse masa numfashi. Sarki yana ɓoye abin a ƙarƙashin manyan riguna, babu wanda ya sani sai tilon 'yarsa, Gimbiya Sailuba.

Da gimbiya ta ga mahaifinta ya fara kasa cin abinci, sai ta aika aka kira Kailani, maƙerin sulke na fada, wanda ya gaji sana'ar daga kakanni bakwai. Kailani ya shiga turakar sarki da hantsi, ya faɗi ya yi gaisuwa. Sarki ya ɗage rigarsa a hankali. Ko da Kailani ya ga yadda farin abin nan ya manne da fata kamar tare aka halicce su, babu maɗauri, babu ɗinki, babu mahaɗi, sai jakar kayan aikinsa ta suɓuce daga hannunsa, ya tsaya baki buɗe.

Sarki ya ce, "Ya Kailani, na kira ka ne domin ka raba ni da wannan masifa. In ka iya, ka roƙi abin da kake so. In ka kasa, ka riƙe bakinka har kabari."

Kailani ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ba a kwance abu sai an san da me aka yi shi. A ba ni izini in gwada shi da sulkunan magabata."

Gimbiya Sailuba da kanta ta ɗauki mabuɗi ta kai shi taskar makamai, inda aka jera sulken ƙafar kowane sarki tun kafuwar birnin. Ga na farko, ɓawon itace da aka naɗe da igiyar rama, na zamanin da ƙaya da maciji suka fi mashi kisa. Ga na ƙirgin ɓauna, wato jemammiyar fatarta, wanda aka dafa a man kaɗe har ya yi tauri. Ga lifidi, auduga da aka cusa tsakanin ƙyallaye biyu aka yi mata ɗinki kusa-kusa, mai shanye bugun kulki. Ga na tagulla da aka ƙera daidai da ƙwaurin mai shi, sai na zoben baƙin ƙarfe dubu-dubu da aka sarƙe kamar taru. Kailani ya ƙwanƙwasa kowanne da ƙaramar masabarsa, ya riƙe amonsa a kunne, ya koma wurin sarki ya ƙwanƙwasa farin sulken.

Amon da ya fito bai yi kama da ko ɗaya ba. Ya ɗauko magagari ya goga sau ɗaya, sai wani farin gari ya zubo mai ƙaurin ƙonannen ƙashi, nan take kuma sulken ya yi wani nishi mai tsawo irin na majinyaci, har labulen turakar ya motsa. Gimbiya ta dafe ƙirji ta ja da baya. Kailani ya ji gashin jikinsa ya miƙe, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ƙarfe ba ne. Ƙashi ne, kuma mai shi yana raye."

Sarki ya kau da fuska, sannan ya ce bokan ya taɓa ambaton Kogon Toka, tafiyar kwana goma sha biyu gabas. Bai ƙara ko kalma ba.

Kashegari Kailani ya ɗora zuga-zugi da uwar maƙera da tarin kayan sulke a kan raƙuma biyu, gimbiya ta ba shi guzuri da hannunta, ta ce, "Ka dawo mini da gaskiya, ko da mai ɗaci ce." Ya keta sahara, ya haye duwatsu masu kaifi, ranar ta goma sha biyu da tsakar rana ya isa bakin wani kogo da ƙasarsa take da ɗumi kamar murhu. Yana shiga ya hangi wani aljani, ƙirjinsa ya kai faɗin ƙofar gari, idanunsa jajur, yana jan ciki da gwiwar hannu zuwa wani ɗan tafki don ya sha ruwa. Daga gwiwa zuwa ƙasa ƙafafunsa suna biye da shi lagwai-lagwai kamar tsumma. Kailani ya ƙame wuri ɗaya.

Aljanin ya ce, "Ya kai bil'adama, ina jin warin garin ƙashina a hannunka. Ni ne Zarƙumu. Wa ya aiko ka?"

Kailani ya durƙusa ya zayyana masa halin da sarki yake ciki, da yadda wani boka ya yaudare shi da kyauta. Sai Zarƙumu ya yi wata dariya da ta sa toka ta zubo daga rufin kogon.

Ya ce, "Kyauta? Haka ya gaya maka? Boka ya ɗaure ni da tsafi ne kawai. Wanda ya riƙe zarto ya zare mini ƙasusuwan ƙwauri da hannunsa, ina kuka ina roƙonsa, Marwanu ne, yana saurayi mai kwaɗayin suna."

Kailani ya ji kamar ƙasa ta tsage da shi. Wannan sarki shi ne ya yi wa mahaifinsa sutura, shi ne wanda tun yana yaro yake ƙera wa takobi da alfahari. Kailani ya zauna cikin toka. Daga bisani ya tambaya ko akwai hanyar raba ƙashin da jikin sarki. Zarƙumu ya ce hanya ɗaya ce: sai ya tsaya da ƙafafunsa a gaban Marwanu ya kira ƙasusuwansa, ga shi kuwa tsafin boka ya hana shi tashi sama, kuma babu abin hawa da zai ɗauki zafin jikinsa.

Kailani ya ce, "Ban zo da niyyar yi maka aiki ba, amma ko ba don sarki ba, ba zan tafi in bar ka kana jan ciki ba."

Ya kafa maƙera a bakin kogon. Ya fara ɗaura masa ƙirgi, kafin ya ƙulle maɗauri ya babbake. Ya zuba tagulla, ta narke ta kwarara kamar man shanu. Sulken zobe ya jure zafi, amma bai iya ɗaukar nauyi ba. Faifan baƙin ƙarfe kuwa ya tsayar da aljanin taku uku, sannan ya yi jawur ya lanƙwashe, Zarƙumu ya faɗi da rugugin da ya tsorata raƙuma. Kwana talatin ana haka, har tafukan Kailani suka sale. Wata safiya yana zuga wuta, idonsa ya sauka a kan bakin zuga-zuginsa, wanda aka gina da yumɓun suri, yana tsakiyar garwashi shekara da shekaru bai ƙone ba. Ya miƙe zumbur. Ya haƙo yumɓun suri ya kwaɓa, ya shafe cikin faifan ƙarfe da shi kaurin yatsa uku, ya gasa, ya haɗa gwiwa da zoben sulke domin ta riƙa lanƙwasawa. Da aka ɗaura, Zarƙumu ya dafa bango ya miƙe, ya yi taku ɗaya, ya yi goma, ya fita rana, hawaye suna tafasa a kumatunsa.

Ranar da suka isa Hajaru, kasuwa ta watse, masu tsaron ƙofa suka zubar da masu. Kailani ya riga Zarƙumu shiga fada, ya sami gimbiya ya gaya mata abin da ya ji, bai rage komai ba. Ta yi tsaye kamar an dasa ta, sannan ta share ido ta ce a fito da sarki gaban jama'a. Aka ɗauko shi a kan karaga, numfashinsa sama-sama, domin sulken ya ƙara saurin hawa har ya kai haƙarƙari.

Zarƙumu ya tsaya a tsakiyar fili ya ce, "Ya Marwanu, ba zan kira ƙashina ba sai ka faɗa wa mutanenka yadda ka same shi."

Sarki ya dubi hakimansa, ya dubi 'yarsa, ya ce, "Ya jama'ar Hajaru, nasarar da kuka yi ta yi mini kirari a kai ta sata ce. Ni na yanke wannan bawan Allah da hannuna, na bar shi yana jan ciki shekara ashirin da ɗaya. Ba ni da hanzari."

Tsofaffin barade suka sunkuyar da kai. Zarƙumu ya ɗaga murya ya yi kira da wani harshe da ba a sani ba, sai farin sulken ya tsage daga sama har ƙasa, ya tashi ya shige ƙafafun mai shi. Sarki ya ja dogon numfashi. Amma da aka dubi ƙafafunsa sai mata suka sa salati, domin sun tsotse sun zama kamar sillen kara.

Aljanin ya ce, "Na zo da niyyar in taka ka. Na bar ka don darajar maƙerin nan, da ta 'yarka da ba ta ɓoye laifinka ba." Da yake dawowar ƙasusuwansa ta karya tsafin boka, sai ya juya ya tashi sama, ya ɓace a cikin gajimare.

Sarki Marwanu ya aika da jakadu zuwa garuruwan da ya ci da yaƙi, ya sallami fursunoni, ya mayar wa kowane sarki da tutarsa. Sa'annan ya kira Kailani ya ce ya roƙi abin da yake so. Kailani ya sunkuyar da kai, ya saci kallon gimbiya. Gimbiya Sailuba ce ta matso ta ce, "Baba, in ka yarje mini, ni na san abin da yake so, kuma ni ma shi nake so."

Aka yi shagalin kwana bakwai. Kafin ranar ɗaurin aure Kailani ya ƙera wa sarki wani sulken ƙafa mara nauyi da zai tallafe shi, ƙarfe a waje, lifidi mai laushi a ciki wanda gimbiya ta ɗinka. Da aka taru, fadawa suka matso za su ɗauki karaga, sarki ya ɗaga musu hannu. Ya dafa kafaɗar surukinsa ya miƙe yana tangaɗi, gumi yana zuba, ya taka da kansa har gaban taro ya ba da auren 'yarsa. A nan masu ba da wannan labari suke tsayawa.