Muryar Tauraron da Ya Fashe

Akwai wata mace, shugabar zumuntar mata a wani ƙauye na bakin kogi. Wata damina kogin ya yi ambaliya, ya cinye gidaje har da majami'a. Jama'a suka watse, waɗansu suka hau tudu, waɗansu suka koma ƙetare. Tun daga ranar matar nan ba ta zauna ba. Yau tana cikin kwalekwale da magani, gobe ta dawo da labarin rasuwa. Na tudu su ce ta fi son na ƙetare, na ƙetare su ce ta manta da su. Ko abinci a tsaye take ci.

Ran nan ta ɗaure kayanta, ta tafi wurin ƙanenta, mai binciken taurari, wanda yake aiki da wani ƙaton faranti mai sauraron sama. Ya ba ta kujera, ta ƙi zama, sai kai da kawowa take yi.

Ta ce, "Ikilisiyarmu ta mutu, ni kuwa sai wurgi ake da ni nan da can. Ba zan koma ba."

Ƙanen ya murɗa na'urarsa, sai wani sauti ya cika ɗakin, shuuu, kamar ana sheƙar gero.

Ya ce, "Yaya, wannan tauraro ne da ya fashe tun ba a haifi kakanninmu ba. Ɓaraguzansa suna ta bazuwa kamar guguwa. A bakin guguwar akwai 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, maganaɗisu yana jefa su gaba, ya dawo da su baya. Duk ƙetarewa ɗaya, gudunsu ya ƙaru, har ya kusa na haske. Suna murɗawa cikin maganaɗisun, sai su fitar da igiyar rediyo. Ita kike ji."

Ta tsaya cik. "Wanda bai ƙetare ba fa?"

"Wannan ba ma jinsa."

Ba ta kwana a can ba, ta koma ƙauye. Washegari ta tara matan tudu a wannan gaɓa, na ƙetare a waccan, ta tsaya cikin kwalekwale a tsakiyar ruwa ta ɗaga waƙa, suna amsawa daga gefe biyu. Masuntan da ba su taɓa taka majami'a ba suka ajiye komarsu suna saurare.

Ma'anar wannan misali ita ce: fashewar tauraro ita ce masifar da take tarwatsa abin da muka dogara gare shi. Ƙwayoyin nan mu ne. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana tsakanin asibiti da gona, in kina tsakanin gida biyu da ba sa ga maciji, kada ku ce Ubangiji ya yashe ku. A cikin jifan nan yake ƙara muku ƙarfi, akwai kuma wani can nesa da ba zai ji sunan Almasihu ba sai ta bakinku. Ku tashi, ku sāke ƙetarewa.