Titin Malam Sidiku

An ce wai a wani birni na bakin iyaka an yi wata tsohuwa mai suna Hajjo, 'yar gudun hijira daga ƙasar Tarmasa. Ɗanta guda, Malam Sidiku, malamin makaranta ne. Laifinsa bai wuce cewa a bar talakawa su zaɓi mai mulkinsu ba. Sojoji suka ɗauke shi yana tsakiyar darasi, daga ranar ba wanda ya sake ganinsa.

Hajjo ta yi ta sintiri gidan jakadan ƙasarsu har ƙafafunta suka kumbura. Amsa ɗaya ake ba ta: "Ba mu san mai wannan suna ba."

Da 'yan gudun hijira suka roƙi Sarki Barau ya sa wa titin gidan jakadan sunan Sidiku, sai jakadan ya taso fada a fusace, ya ce in aka yi haka za a rufe iyaka. Ta nan kuwa hatsin birnin yake shigowa. Hajjo na rakuɓe a gefe, ta ga fadawa sun sunkuyar da kai, ta san ba mai sayen yunwa saboda ɗanta.

Sarki ya juya ga jakadan. Ya ce, "Jakada, wane ne wannan Sidiku?"

"Ranka ya daɗe, ƙasarmu ba ta taɓa samun mutum mai wannan suna ba."

Sarki ya ce, "To ashe babu rigima. Sunan da ba na kowa ba ne a ƙasarku, ba zai zama zagi gare ku ba. In kuwa kun san shi, ga mahaifiyarsa nan. Faɗa mata inda yake, ni kuma in bar titi da tsohon sunansa."

Hajjo ta rarrafo gaban jakadan, ta ce, "Ɗan nan, ni ba titi nake so ba. Don Allah, yana raye?"

Jakadan ya kawar da kai. Ya kasa haɗa ido da ita, ya naɗe rigarsa ya fita. A nan ta gane ɗanta ba ya raye. Ta yi salati a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ba a rufe iyaka ba, domin rufe ta tamkar amsa laifi ne. Aka kafa allo, sunan da suka hana a faɗa ya zama adireshinsu.

Hajjo ba ta iya karatu ba. Kullum da hantsi takan zauna ƙarƙashin allon, ta tare mai wucewa ta ce, "Karanta mini." Haka ta yi har ta rasu, ba ta ga kabarinsa ba.

Masu hankali suka ce: azzalumi yana iya ɓoye mutum, amma ranar da ya musanta saninsa, ya saki sunansa ga duniya.