Tsakuwa a Cikin Shinkafar Baba

A wani ƙauye an yi wata mace mai jinyar tsohon mahaifinta. Ciwo ya cinye ƙarfinsa, haƙoransa kuma saura kaɗan. Ba ya iya cin komai sai shinkafar gida da ta dahu luguf. Shinkafar gida kuwa ba ta rabuwa da tsakuwa. Sai an zuba ta a ƙwarya da ruwa, an rege a hankali har tsakuwar ta kwanta a ƙasa.

Wata rana tana cikin regewa, maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga.

"Maman Ishaya, kin ji abin da aka yi a gidan biki jiya?"

Hannunta na juya ƙwarya, kunnenta na kan katanga, idonta na kan akuyar da ke zagaya shanya. Ta dafa, ta kai wa Baba.

Bai yi nisa da ci ba sai ta ji ƙaras! Tsohon ya runtse ido, ya tofar da tsakuwa a tafin hannunsa, da ɗan jini. Ya ture kwanon a hankali.

"Na ƙoshi, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Ta san bai ƙoshi ba. Washegari ma ya ƙi ci don tsoro, jikinsa ya ƙara yin sanyi.

Sai ta ɗauki ƙwaryarta ta zauna a ƙofar ɗakinsa, inda yake ganinta, ta ba katanga baya.

Maƙwabciyar ta ce, "Yau kuma gaba muke yi?"

"Bari in gama, 'yar'uwa."

Hankalinta ya gudu wajen labarin biki, ta dawo da shi kan ƙwarya. Ya sake gudu, ta sake dawo da shi. Tsohon yana kallo. Da ta kawo abincin ya taɓa kaɗan, ya tauna da tsoro. Can sai ya miƙo kwano.

"Akwai saura?"

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Matar ba ta rasa ƙauna ba, hankalinta ne ya rabu. Haka muke durƙusawa ga addu'a zuciyarmu tana kasuwa, yaro yana yi mana magana idonmu yana kan waya. Hankali zai gudu, halinsa ke nan. Kada ka yi fushi da kanka. Ka dawo da shi, ka sake dawo da shi, gama akwai mai jiran abin da ke hannunka, Ubangiji kuma yana kallonka da jinƙai.