Tsakuwa a Cikin Dilar Auduga

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan jihar Jojiya ta Amurka, attajirin auduga. Ba zan kama sunansa ba, jikokinsa suna nan cikinmu.

A coci kujerarsa ce ta gaba, muryarsa ta fi ta kowa tashi wajen waƙa. Amma a sitonsa algus yake yi. Kafin a ɗaure dila, sai ya sa bayinsa su zuba tsakuwa a tsakiya, a lulluɓe da farar auduga, ta yi nauyi a sikeli. Jirgin ruwa ya kwashe zuwa Ingila, wa zai biyo shi?

Wata rana wani tsohon bawansa, Pompey, ya ce, "Maigida, wannan abu fa ba kyau."

Ya ce, "Kai, Pompey, yaushe ka zama fasto? Zuba, ka rufe mini baki."

Dukiya ta bunƙasa, har ya gina masaƙa a bakin kogi. Ya damƙa ta ga Lemuel, ɗansa namiji tilo, wanda yake ji da shi kamar ransa. Bai taɓa gaya masa abin da ake yi a sito ba, don yana so yaron ya ɗauke shi mutumin kirki.

Sai yaƙi ya ɓarke, aka toshe teku, jirgi ba shiga ba fita. Diloli suka yi jibgi a sito. Ita kuwa masaƙa, audugarta ta ƙare.

Ran nan attajirin ya dawo daga garin Savannah, matarsa Drusilla ta tare shi da fara'a. "Ɗanka fa ya yi dabara. Ya kwashi dilolin sito ya kai masaƙa, shi da kansa yake ɗura wa injin shiɓa."

Nan take ya fice. Ya zaburi doki, amma tun daga kan tudu ya hango hayaƙi. Haƙoran ƙarfen injin sun ci karo da tsakuwa, tartsatsi ya tashi. Kun san auduga da wuta. Masaƙa ta ƙone ƙurmus, mata masu kaɗi da yawa ba su fito ba. Lemuel ma bai fito ba.

Mutanen gari suka yi ta zuwa gaisuwa, suna cewa ƙaddara ce. Shi kaɗai da bayinsa suka san gaskiya. Haka ya tsufa yana karɓar tausayin da bai cancanta ba, bai iya haɗa ido da matarsa ba har ya mutu.

Jama'a, wa kuke zaton kuna cuta? Ha'incin da ka aika nesa ya san hanyar gidanka, kuma ba lalle kai zai fara samu ba.

Allah ya kiyaye mu da ha'inci, ya kiyaye 'ya'yanmu daga abin da hannuwanmu suka aikata. Amin.