Badukun Da Ya Rushe Zaurensa

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari da ba sai na kama suna ba, tun zamanin da manyan motocin gyaɗa suka fara ratsa garuruwa. Nomau ake ce masa, baduku ne. Duk abin da ya gada a wurin mahaifinsa zaure ne guda, ginin ƙasa mai kauri. A nan yake ɗinkin takalma, a nan baƙo ke yin sallama, kuma shi ne ya suturta iyalinsa daga idon masu wucewa.

To, zauren nan ya turo ƙirji cikin hanya, daidai kwana. Can da, da jakuna ne kawai ke bi, ba wanda ya damu. Da motoci suka zo, sai mai tafiya a ƙasa da mai keke suka rasa inda za su raɓe.

Ku saurara da kyau. Wata rana da hantsi Nomau na zaune yana huda fata, sai ya ji ƙara a jikin bango. Ya fita a guje. Wani baƙo ne mai keke, ya ɗauko buhun dawa zai kai niƙa, mota ta matse shi da bangon zauren. A kan cinyar Nomau ya cika.

Mutane suka taru suna cewa, "Kwana ne ya ƙare."

Nomau ya ce, "Gaskiya ne, kwana ya ƙare. Amma a jikin bangona ya ƙare."

Abin ya tsaya masa a rai. Ya je wurin mai unguwa ya roƙa a sa kowane gida ya ja dakalinsa baya, a samar wa masu ƙafa da masu keke wurin bi. Mai unguwa ya ce shawara ta yi kyau. Nomau ya bi gida gida, kowa ya ce shawara ta yi kyau. Kun san halinmu, a baki ba mu da rowa. Damina ta zo ta wuce, ko hoge ɗaya ba a ɗaga ba.

Sai ya sami matarsa Tabawa ya ce, "Zan rushe zaure."

Ta ce, "Malam, gidan da ba zaure ai kasuwa ne. Ina baƙonka zai tsaya? Ina za ka yi sana'a?"

Ya ce, "Ban sani ba, Tabawa. Na dai san ba zan ƙara jin irin ƙarar nan ina zaune a ciki ba."

Ta ce, "To, Allah ya rufa asiri. Bari in kwashe kayan aikinka kada ƙasa ta binne su."

Ya ɗauki diga ya sari ginin ubansa da hannunsa, yana sara yana hawaye. Ya share wurin tas, ya kafa zana can baya, ya bar wa kansa 'yar rumfa da ba ta fi ya zauna ya miƙe ƙafa ba. Masu tallar nono da masu keke suka sami hanya suna bi.

Kuna tsammanin jarrabawa ta ƙare ke nan? Ai yanzu ta fara. Maƙwabcinsa Barmo ya ga fili a share, ga jama'a na wucewa. Wata safiya sai ga teburinsa na goro da sabulu a tsakiyar wurin. Masu tafiya suka koma kan titi kamar da.

Ni da ku, da sanda za mu fito. Nomau ya je ya gaishe shi, ya ce, "Malam Barmo, wurin nan ba nawa ba ne balle in kore ka, na riga na bayar. Amma ga rumfata, tana da inuwa. Dawo da teburinka ciki, ni na koma cikin gida."

Barmo ya ce, "In ka shige gida, wa zai gan ka ya kawo ɗinki?"

Ya ce, "Wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abinci."

Kuma wallahi Barmo bai ji kunya ba, ya karɓa. Ciniki ya ja baya a gidan Nomau, har akwai ranakun da ba a ɗora tukunya ba. Bai kai ƙara ba, bai fasa gaida Barmo ba.

Ana nan, ranar wata kasuwa, Barmo na zaune a rumfar sai ya hango mahaifiyarsa, tsohuwa mai dogara sanda, tana tahowa. Ga mota ta shawo kwana da lodi. Tsohuwa ta ɗan matsa cikin filin nan, daidai inda teburinsa yake a da. Mota ta wuce, iskarta ta ɗaga mata mayafi. Ta gyara abinta ta ci gaba da tafiya, ba ta ma san abin da ya faru ba.

Kafin la'asar Barmo ya fitar da teburinsa daga rumfar Nomau, ya ari digar nan, ya fasa dakalin ƙofar gidansa. Na kusa da shi ya bi, na gaba ma ya bi, har hanyar masu ƙafa ta miƙe zuwa bakin kasuwa.

Nomau bai sake gina zaure ba, bai kuma yi arziki ba. Da ya rasu, gari ya taru, ba zauren da za a zauna makoki. Kun san al'adarmu, tabarmi ake shimfiɗawa a tare hanya. Ran nan an rasa mai ƙarfin halin da zai shimfiɗa. Manya da dattawa suka jeru a tsaye a jikin zana suna addu'a, masu keke na wucewa ta gabansu.

To, 'yan'uwa, hanya tana da hakki, kuma mai rauni ya fi kowa hakki a kanta. Kai da ka jibge yashi da bulo a ƙofar gida, kai da ka kafa rumfar biki ka toshe layi, kai direba da kake matse mai keke har ya faɗa kwata, da kai nake. Ba a ce ka rushe zaure ba. An ce ka matsa kaɗan. In ka koma gida yau, tsaya a ƙofarka ka duba: in tsohuwarka ce ta taho da sanda, ga mota a bayanta, ina za ta raɓe? Allah ya sa mu gyara.